Maitama Kwana-Uku da Maganin Caina

A karar shanu ta Malumfashi, idan baƙo ya ce yana neman Maitama, sai a tambaye shi wanne, don akwai mai igiya, akwai direba. Amma idan ya ce Kwana-Uku, ko mai sayar da fura za ta nuna masa gindin bishiyar da yake zama. Dillalin shanun huɗa ne, mutumin Ƙarfi, siriri, mai ido ɗaya a ɗan kanne kullum kamar wanda aka ba labarin da bai gamsu da shi ba. Ya fi shekara talatin a wannan sana'a, kuma har yau ba a taɓa jin ya ce wa sa "lafiyayye" a ranar kasuwa ba.

Daga nan sunan ya fito. Idan ka ce ya zaɓa maka sa, zai ɗaga leɓensa ya duba haƙora, ya ja fatar ido ya leƙa ko akwai jini, ya zaga ta baya ya shinshina, sannan ya ce sai san ya kwana uku a turkensa kafin ya yi magana. Masu sayarwa sun tsane shi a kan wannan, kuma da dalilinsu. Ya san duk abin da ake yi wa gajiyayyen sa don ya tsaya ƙyam na yini ɗaya: ɗurar ruwan kanwa don ciki ya cika, man da ake shafa wa fata, barkono a ƙarƙashin wutsiya, da ƙwayoyin nan na zamani da ake murƙushewa a dusa. Shi yake kiran wannan "kuzarin kasuwa", kuma a faɗarsa ba ya wuce kwana biyu. Tun yana saurayi ya koyi darasin, shekarar da mahaifinsa ya sayo wani jibgegen sa mai huci, a rana ta uku san ya durƙusa a tsakiyar gona bai ƙara tashi ba. Da fartanya suka ƙarasa wannan daminar.

Da zargin ya tsaya a kan shanu, da da sauƙi. Buhun taki ta ƙasa yake farke shi. Irin masara sai ya jiƙa ƙwaya goma a tsumma ya ga nawa za su tsiro. Ko auren Shafa'atu, sai da ya je gidansu sau uku da sassafe ba tare da aike ba, wai don ya ga fuskarta kafin kwalli da hoda. Ta yi shekaru tana yi masa gori a kan wannan, tana cewa ita kaɗai ce amaryar da aka duba wa haƙora a duk faɗin Ƙarfi.

Shafa'atu mai ƙuli-ƙuli ce, mace mai ƙarfin damtse da ke tuya da matsar mai tun safe har azahar. Bara ta ji wani ƙullutu a mama. Aka je Malumfashi, aka tura su Zariya, aka ce ciwon daji ne. Aka yi aiki, aka shiga ƙara mata wani ruwan magani a jijiya duk bayan sati uku. Ciwon ta jure shi, zubewar gashi ta ɗaura ɗankwali a kai, amma gajiyar ce ta ci ta. Ba irin gajiyar da barci ke wankewa ba ce. Takan ɗauki buta daga bakin ɗaki, kafin ta kai bayan gida sai ta zauna ta huta. Likita ya ce ciwon da maganinsa duka suna kawo haka, ta riƙa ci, ta riƙa ɗan takawa, kuma kada ta sha komai sai an nuna masa. Maitama bai yarda da likitan ba ɗari bisa ɗari, don ya lura da wuya yake kallon mutum cikin ido. Kowace safiya sai ya sa babban yatsa ya ja fatar idon matarsa ya leƙa, kamar yadda yake yi a kara. Da tana da ƙarfi takan buge hannun. Daga baya ta daina.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakin jiki gaba ɗaya. 'Yarsu Raudatu, da ke aure a Matazu, tana da cikin fari, wata tara. A al'ada, bayan suna gida za ta dawo, uwarta ta yi mata wankan jego na kwana arba'in: ruwan zafi safe da yamma, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki, ga kunun kanwa. Shafa'atu ta yi wa 'ya'yan maƙwabta da na dangi wannan wanka ba adadi, yanzu ga nata ya zo. Sai saƙo ya iso daga Matazu, cikin ladabi, cewa idan jikin bai yi daɗi ba kada a wahalar da ita, uwar miji Hajiya Uwa za ta riƙe Raudatu a can. Ranar Shafa'atu ba ta ci abinci ba. Ta ce da Maitama, ita ba ta roƙi shekaru ba, kwana arba'in take so a tsaye.

Ana cikin haka ɗansu Awaisu, mai shagon kayan babur a Funtua, ya zo da wani kwali kore mai rubutun Caina, ƙunshi talatin a ciki. Wani abokin kasuwancinsa da ke zuwa can ne ya taho masa da shi. A zaure ya tarar da mahaifinsa.

"Baba, wannan ba irin na bakin tasha ba ne. Saiwoyi ne na gargajiyarsu, na gajiyar masu ciwon daji. An yi bincike a kansu."

"Wa ya yi?"

"Masana, a can. An gwada a kan ɓeraye."

Maitama ya ƙara kanne idon. Awaisu ya fito da waya ya shiga karantawa yana fassarawa. An samo fararen ɓeraye, aka sa musu ciwon, aka ba su maganin daji har suka galabaita. Aka raba su gida biyu, rabi aka ba su saiwoyin, rabi aka hana su. Sannan aka saka su cikin ruwa ana duba agogo, aka ga waɗanda suka sha sun fi daɗewa suna iyo.

"Ɓera a ruwa," in ji Maitama. "Kai Awaisu, ko ni ka jefa a rijiya ai za ka ga kuzari. Wa ya riƙe agogon, mai maganin?"

"Ba a faɗa ba, Baba."

"An koma an duba su bayan kwana uku?"

Awaisu ya ja rubutun ƙasa. "An yanka su ne, aka duba jini da tsoka."

"To ka ji. An yanka shaidu. A kan mutum hwa?"

Nan ma Awaisu ya duba, ya ce su kansu masu rubutun sun ce sai an ƙara gwadawa kafin a ce yana yi wa mutum. Da aka tambaye shi ko abin da ke cikin kwalin shi ne ainihin abin da ɓerayen suka sha, sai ya ce hoton saiwar dai ya yi kama. Abu ɗaya kawai ya burge Maitama a duk labarin, wato raba su biyu da aka yi. Wannan, a ransa, aikin mai hankali ne.

Sai dai Shafa'atu ta ji komai daga ɗaki, kuma ta riga ta ɗora ranta a kan kwalin. Ya ga hasken da ya daɗe bai gani ba a fuskarta, ya kasa ce mata a'a. Ya kuma kasa zuba mata abin da bai sani ba a ciki. Sai ya ce shi zai riƙa dafa mata da kansa kowace safiya, ya ɗauke kwalin ya kai rumbu.

Lokacin tsakiyar huɗa ne, kuma yana da shanunsa biyu na aiki, Ja da Fari, sa'annin juna, duk sun rame sun gaji. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san cewa idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, zai riƙa rigan ɗan'uwansa, layin kunya ya lanƙwasa ya nufi ɓangaren raggon. Ƙasa ba ta karɓar cin hanci, ba ta kuma da agogo. Maitama ya yanke cewa Ja zai sha, Fari ba zai sha ba, ya ga abin da layi zai ce. Ya auna da ido, ya ga Ja ya yi nauyin Shafa'atu bakwai, don haka ƙunshi bakwai yake narkawa a kwalba ya ɗura masa kowace safiya. Ita kuma ya dafa mata citta da kanumfari, ya jefa ɗan ɓawon maɗaci don ya yi ɗacin magani, ya kai mata a kofi. Tana sha tana yamutsa fuska tana sa wa Awaisu albarka, shi kuma yana kallon ƙasa.

Rana ta farko layi ya tafi sak. Ta biyu ma haka. A rana ta uku, da ya kai ƙarshen gona ya waiwaya, sai ya ga kunyoyi uku sun ɗan lanƙwasa ta ɓangaren Fari. Murna ta kama shi. Ya tsaya yana kallo, har ya fara tsara yadda zai gaya mata. Sai kuma ya dubi hannuwansa a kan garmar. Shi ya san wanda ya sha, kuma shi ke so maganin ya yi aiki fiye da kowa a duniya. Ina tabbacin ba shi ya danna garmar gefe ba, ba tare da ya sani ba? Mutumin da ya zargi mai taki da likita da masanan Caina, ranar ya tsaya a gonarsa yana zargin kafaɗarsa ta dama.

Washegari ya ɗura wa Ja wasu bakwai, ya kira taubashinsa Sada, wanda ba ya buɗe baki sai da tsokana, ya ce ya riƙe masa garma bayansa na ciwo. Bai gaya masa komai ba. Sada ya yi kunya goma sha biyu, duk sak. Maitama ya tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba, wanne ya fi ja a cikinsu.

"Duk ɗaya," in ji Sada. "Gajiyayyu ne kamar mai su. In ma akwai, Farin ya ɗan fi zuciya."

Haka gwajin ya ƙare. Ja bai mutu ba, bai yi gudawa ba, bai kuma zama doki ba. Ƙunshi biyu suka rage a kwali, kuma Maitama bai fi sanin komai ba a kan ranar da Awaisu ya zo, sai dai yanzu yana da ƙarya a wuyansa. Haushi ya kama shi, ga tsoro, don bai san ko ya tsare matarsa daga guba ba ne ko kuwa ya ɗura wa sa kwana arba'in ɗinta.

Bayan kwana biyar aka bugo daga Matazu, Raudatu ta sauka lafiya, an samu mace. A ƙarshen wayar aka ƙara da cewa Hajiya Uwa za ta zo dubiya jibi. Kowa ya gane irin dubiyar. Shafa'atu ta kira shi ɗaki da hantsi ta ce ya kawo kwalin, tana so ta ga nawa ya rage. Ya je ya ɗauko, ya ajiye a gabanta, ya tsaya kamar ɓarawon akuya a gaban mai unguwa. Ba ta ko buɗe ba.

"Malam, ni za ka ba maɗaci ka ce na Caina ne? Da maɗaci na yaye 'ya'yanka duka. Kuma Ja a bayan tagata yake ɗaure, duk safiya ina jin kana kokawa da shi da kwalba."

"To mi ya hana ki magana?"

"Ni ma ina jiran in ji abin da san zai ce. Shekara talatin ina zaune da kai, ka zaci ban ɗauki cutar ba? Ina so, ina tsoro." Sannan ta ce, "Mi ya ce?"

"Bai ce komi ba."

Ta yi kuka, marar sauti, don ko kukan ma ƙarfi yake so. Shi kuma ya zauna a bakin gado ya rasa inda zai sa hannunsa. Da ta share ido sai ta dube shi ta ce, tunda babu magani, ya yi mata abin da ya iya. Ya san yadda ake tsayar da gajiyayyen sa na yini ɗaya, to ya tsayar da ita gaban Hajiya Uwa. Ya buɗe baki zai yi musu, ta ce ba shawara take nema ba.

Bai taɓa yin wannan aiki ba, amma babu wanda ya fi shi saninsa. Ya hana ta motsi yini biyu, ko buta shi ke kai mata. Ya sa maƙwabciya ta ƙunsa mata lalle har wuyan hannu don ya rufe farin tafinta. Ranar zuwan, ya ba ta goro ta tauna don leɓe ya yi ja, ta zizara kwalli mai kauri. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ya zaunar da ita ta ba haske baya, bango na tokare da ita ta yadda ba za a lura ba, ya ajiye wa baƙuwa kujera inda rana za ta riƙa dukan idonta. Ya hura wuta a murhu, ya ajiye tiren gyaɗa da aka fara ɓarewa a gabanta. Ya ce mata tashi ɗaya za ta yi, lokacin sallama, sauran duk a zaune, kuma ta riƙa yin tambaya don baƙuwar ta yi ta magana.

Hajiya Uwa ba yarinya ba ce. Tana gaisuwa idonta na yawo: ta dubi turmi ko an yi daka kwanan nan, ta dubi igiyar shanya, ta riƙe hannun Shafa'atu fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Maitama na leƙe daga zaure, yana ganin irin kallon da shi yake yi wa dabbar mutane, kuma ranar ya ji yadda abin ke da zafi. Shafa'atu ta yi dariya, ta yi tambayar jaririya da wa ta yi kama, ta miƙe tsaf lokacin sallama ta raka baƙuwa taku biyar. A zaure Hajiya Uwa ta tsaya ta rage murya.

"Malam Maitama, ni ban gane ba. Amma kai, har Matazu an san ba ka shaidar lafiya a kan ƙarya. Za ta iya wankan nan?"

Da safen nan ya ja fatar idon Shafa'atu, ya ga fari fat kamar auduga. Da sa ne, da ya ce wa mai saye ya riƙe kuɗinsa.

"Za ta iya, Hajiya," ya ce.

Bayan suna aka kawo Raudatu da jaririya. Abin da ya faɗa da baki sai ya shiga cika shi da ƙashin baya. Ya daina zuwa kara. Shi ke faskare, shi ke shanya ɗanyen itacen damina a rumfa, shi ke jan ruwa ya cika babbar tukunya, ya tafasa, ya ɗauka ya kai bayan zana, ya yanko ganyen darbejiya ya ɗaure, ya ajiye wa Shafa'atu kujera 'yar tsuguno, sannan ya fito. Sada ya leƙo ya gan shi yana fifita wuta, ya ce ashe Ƙarfi ta yi sabuwar ungozoma mai gemu. Ƙunshi biyun nan kuwa ya kai wa likita a zuwansu na gaba, likita ya juya su ya ce bai san abin da ke ciki ba, kada ta sha tana kan magani. Suna nan a rumbu har yanzu.

Namiji ba ya shiga wurin wankan, don haka a gindin murhu yake zama yana saurare. Ranar farko ya ji ganye na sauka a jiki, fyaɗ, fyaɗ, Raudatu na ihun zafi, uwarta na yi mata faɗa ta tsaya. Rana ta biyu bugun ya ragu, ana yi ana hutawa. Bai yi mamaki ba, ya san lissafin.

A safiya ta uku ya kai ruwa ya dawo ya zauna. Ya ji bugu ɗaya, ya ji na biyu, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har ya dafa ƙasa zai tashi. Sai bugun ya dawo, da sauri, da ƙarfi, a jere ba hutu. Kunnen da ya yi shekara talatin yana bambance takun sa mai lafiya da na mai ƙwaya bai yi wata-wata ba: wannan ba hannun Shafa'atu ba ne, hannun mai shekara ashirin ne. Raudatu ce ke fyaɗa wa kanta ganye, tana ihu kamar ana yi mata, uwar kuma daga kan kujera tana cewa, da 'yar muryar da ta rage mata, "Tsaya mana, ke ɗiyar nan, saura baya."

Da suka fito, Raudatu na riƙe da gwiwar hannun uwarta kamar ita Raudatun ce ke jingina da uwar. Shafa'atu ta tsaya a gabansa tana haki, zaninta a jiƙe, ta ce, "Na yi mata, Malam. Kwana uku ke nan."

Babban yatsansa ya ɗaga da kansa ya nufi idonta, kamar kowace safiya. Ya tsayar da shi a hanya, ya gyara mata ɗankwalin da ya zame.

"Na ji," ya ce. "Hannunki na nan da ƙarfinsa."

Ya ɗauki gatari ya koma wurin itace, don akwai wankan yamma.